Babi na Shida: Layin Dogo da Gonakin da Ke Gefensa

Tun ranar 9 ga Fabrairun 2021 da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, muhawarar da ake yi a kansa ta tsaya ne kan abu biyu: kuɗin da zai ci da kuma wanda zai ci moriyarsa. Wasu na tambayar dalilin da zai sa Najeriya ta ciwo bashi ta kai jirgi har cikin wata ƙasa. Wasu kuwa na cewa ai Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin Turawa su ja iyaka. Alƙaluman ma har an haddace su: tsawon kilomita 284, kwangilar kusan dala biliyan 2 a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, da reshe mai kilomita 93 daga Kano zuwa Dutse. Layin zai ratsa Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi, amma ba a cika yin ta ba: mene ne makomar filayen da ke dama da hagun wannan layi? A ce faɗin filin da dogon zai ci mita 50 ne, to duka-duka hekta 1,420 ke nan. Amma in aka auna kilomita biyu kacal ta kowane gefe, za a sami sama da hekta 113,000 na gonaki da fadamu da makiyaya da ƙauyuka, waɗanda darajarsu da amfaninsu za su sauya saboda zuwan jirgi. Injiniyoyi suna da taswirar hekta 1,420 ɗin nan, sun san kowace kwana da kowace gada. Sauran kuwa, in ba a zauna an tsara su da gangan ba, dillalan filaye ne za su tsara su, kuma ba don amfanin manomi ko makiyayi ko ɗan kasuwa za su yi ba.

Hanya tana gina gari, tana kashe gari

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan darasi. Shekaru aru-aru fatake suna bin hanyar Gwanja da jakuna da takarkarai, su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Duk inda ayari ya saba yada zango, sai a haƙa rijiya, mata su fara sayar da abinci, maƙeri ya kafa maƙera, malami ya buɗe makaranta. Da yawa daga unguwannin Hausawa a Gana da Togo da Benin ta haka suka samo asali. Salaga da ke Gwanja ta zama babbar kasuwa saboda nan goron Ashanti ke haɗuwa da fataken arewa. Da Ingila ta ci Ashanti da yaƙi a 1874 hanyar goro ta fara karkata, yaƙin basasar 1892 kuma ya ƙarasa tarwatsa garin. Fatake suka watse zuwa wasu kasuwanni, Salaga ba ta sake komawa yadda take ba.

Jirgin ƙasa ya zo ya yi irin wannan aiki, amma da sauri fiye da na ayari. An fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin kogin Neja a 1907, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke hange, don su ciyar da masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana iya cin ta in kasuwa ta faɗi. Gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, suka juya akalarsu zuwa gyaɗa, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. A daidai wannan lokaci cinikin raƙuma tsakanin Kano da Tarabulus ya durƙushe, domin kayan da a da ke shafe watanni a Sahara yanzu cikin 'yan kwanaki suke isowa daga Legas.

Dubi abin da ya faru da garuruwa. Dogo ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930, ya isa Maiduguri a 1964. Gusau da Funtua da Nguru da Kafancan duk sun bunƙasa a dalilin tasha. Katsina da Daura da Sakkwato, duk da tsohon tarihinsu, jirgi bai je musu ba, nauyin ciniki ya koma wasu wurare. Ita kanta Baro da aka fara aikin daga gare ta, da aka haɗa layin da na Legas sai ta koma gefe. An ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a can a 2019, amma ta shafe shekaru ba ta aiki saboda babu hanyar kirki da za ta kai kaya ko ta kwaso su.

Turawan mulkin mallaka ba su bar filayen da ke kewaye da tashar Kano haka nan ba. Sun ware wa kamfanoninsu fulotai a bakin dogo, sun keɓe Nasarawa don gidajensu, sun yanka Sabon Gari wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, daga baya masana'antu suka zauna a Bompai. Tsari ne na wariya, wanda aka yi don amfanin masu mulki. Duk da haka, sama da shekara 100 ke nan, har yau a kan wannan zane Kano take tafiya. Shawarar da aka yanke kan fili a 'yan shekarun farko na zuwan hanya takan daɗe fiye da gwamnatin da ta yanke ta, fiye ma da jirgin kansa.

Inda aka bar wa awon igiya

Kano ta taɓa samun cikakken tsarin gari, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranci zanawa don shekarun 1963 zuwa 1983. A lokacin mutanen birnin ba su wuce 'yan dubu ɗari ba. Yau ana ƙiyasta sun haura miliyan huɗu, kuma mafi yawan faɗaɗar da garin ya yi bayan ƙarewar wa'adin wancan tsari ta faru ne ba tare da taswirar hukuma ba.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Da an ji ƙishin-ƙishin za a fitar da titi, masu kunne a ofis su ne farkon sani. Sai a aika dillali ƙauye ya sayi gonaki a farashin gona. Kafin kwalta ta bushe an kawo igiya an yayyanka su fulotai, an bar lungun da mota ɗaya ba za ta wuce ba sai da dabara. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba maƙabarta, ba magudanar ruwa. Wanda ya saya ba shi da laifi, matsuguni yake nema, kuma awon igiya ne kaɗai aljihunsa zai iya. Bayan shekara goma, in gwamnati ta zo shigo da ruwan famfo ko faɗaɗa hanya, sai ta rushe gidaje ta biya diyyar da ta ninka abin da za ta kashe da tun farko ta tanadi filin.

Titunan baifas sun nuna wannan a fili. An yi su ne don manyan motoci su kewaye gari, su huta da cunkoso, gari ma ya huta da su. Amma da yake ba a hana gini a bakinsu ba, gidajen mai da shaguna da gareji suka jeru, kowanne da tasa mashigar kai tsaye daga kan titi. Cikin 'yan shekaru hanyar kewaye ta zama titin cikin gari, ana neman a sake yin wata a bayanta. A Tafa, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, da Mararrabar Jos, tireloli da tankoki sun daɗe suna kwana a kafaɗar titi, saboda lokacin da aka zana hanyar ba a yi tunanin direba mutum ne mai buƙatar barci da abinci da wurin sallah ba. Garuruwan sun rayu da wannan ciniki, amma sun biya da haɗurra da gobara da cunkoso.

Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, shi ma ya ba da nasa darasin. An ajiye tasha a Idu da Rigasa, nesa da tsakiyar biranen biyu. Fasinja kan sauka daga jirgi mai sanyi da tsabta, sannan ya shiga neman abin hawan da zai ƙarasa da shi gida, wani lokaci da kuɗin da ya kusa na tikitin. Farashin filaye a kewayen tashoshin ya tashi, amma ribar ta tafi aljihun waɗanda suka riga kowa saye, ba ta koma ga aikin da ya jawo ta ba.

Manomi da takardar diyya

Yankin da layin Kano zuwa Maraɗi zai ratsa ba daji ba ne. Yana cikin wuraren da suka fi yawan manoma a duk Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa. A can ɗaya gefen iyakar, manoman Maraɗi da Damagaram sun yi suna a duniya wajen rainon gawo da sauran itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona, har suka farfaɗo da miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980. Gona a nan ƙarama ce, an gaje ta, an raba ta tsakanin 'ya'ya, kuma gumin zuriya da yawa ne ya mai da ta abin da take.

Doka kuwa ba haka take kallon ta ba. Tun dokar filaye ta 1910, Turawa suka sanya duk ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna. Dokar 1962 ta ci gaba da hakan, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa shi a kan Najeriya baki ɗaya: ƙasa amana ce a hannun gwamnan jiha, mutum haƙƙin zama da amfani kawai yake da shi. Gwamna na iya karɓe fili don amfanin jama'a, kuma abin da ake biya diyyarsa shi ne abin da ke kan filin, wato gini da amfanin gona da itatuwa. Ita ƙasar kanta ba a yi mata kuɗi. Saboda haka manomin da aka karɓi gonarsa da rani, bayan ya girbe gero ya kwashe kara, yana iya tashi da kuɗin 'yan itatuwa kawai, alhali abin da ya rasa shi ne abincin gidansa na kowace shekara har ƙarshen rayuwarsa da ta 'ya'yansa.

Dokar ta 1978 ta tanadi cewa in aka karɓi gonar da mutum ke riƙe da ita bisa al'ada, ƙaramar hukuma ta ba shi wata a madadinta. To amma a Dambatta ko Kazaure, ina gonar da ba ta da mai ita? Ga kuma waɗanda sunansu ba ya shiga takarda ko kaɗan: wanda ya karɓi aro, wanda ke riƙe da jingina, matar da gayaunarta ke cikin gandun miji, magadan da ba a riga an raba musu ba. Akwai kuma ɓarnar da ma'auni ba ya kamawa. Dogo na iya raba gona biyu, ya bar wa mutum 'yar ƙyalle a tsallake wadda sai ya yi zagayen kilomita da yawa kafin ya kai mata taki. Yana iya raba ƙauye da rijiyarsa, ko da maƙabartarsa, ko da makarantar yaransa.

Burtali da hanyar ruwa

Tsofaffin hanyoyi biyu sun riga kowace kwalta da kowane dogo a wannan yanki: ta dabbobi da ta ruwa. Dukansu ba sa tsayawa don an ja layi a taswira.

Shanu da tumaki da raƙuma suna gangarowa kudu da rani, su koma arewa da damina. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe wuraren kiwo, kuma an ware sama da 400 a faɗin Najeriya, amma waɗanda aka tabbatar a hukumance ba su kai rabi ba. Burtali da yawa gonaki da gine-gine sun cinye su, kuma kowa ya ga rikicin da toshewar hanya da mashaya ta taimaka wajen haifarwa a Zamfara da Katsina. Sabon jirgi mai gudu yana buƙatar shinge da tudun da aka ɗaga. In ba a bar mashiga a daidai inda burtali yake ba, garke zai bi ta gonar wani, ko ya hau kan dogo. Kwalbatin da aka yi don ruwa ba zai wadaci shanu ɗari ba, kuma raƙumi da kayansa ba zai shige ta ƙarƙashin gadar da aka auna da tsayin mota ba.

A nan Nijar tana da abin koyarwa. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince cewa zirga-zirga haƙƙin makiyayi ne. An kafa kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, inda sarakuna da manoma da makiyaya da ma'aikatan gwamnati ke zama tare, kuma a wurare da yawa an kafa turakun siminti da ke nuna iyakar burtali. Tsarin bai kawar da rikici gaba ɗaya ba, amma ya sa burtali ya zama abin da ke rubuce, wanda injiniya zai iya gani kafin ya zana layinsa. A ɓangaren Najeriya, wannan ilimi yana kan ardo da dagaci da tsofaffin gari. Hanya mafi arha ta samun sa ita ce a je a tambaye su tun kafin a zuba ƙasa.

Ruwa kuwa ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan layi. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka mai da shi kan tudu inda yake a yau. A watan Yulin 2018 ambaliya ta afka wa Jibiya cikin dare, ta kashe sama da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ruwan da ke sauka a ƙasar Katsina shi ne ke bi ta Jibiya ya shiga Gulbin Maraɗi. Tudun dogo mai tsawon kilomita da yawa yana iya tare ruwa kamar madatsa in ba a bar masa isassun ƙofofi ba. Sannan sababbin unguwannin da za su taso kusa da tasha, in aka bar su suka sauka cikin fadama saboda filin can ya fi arha, an shirya wata ambaliyar ke nan. Kano ta ga haka da idonta bayan an cike kududdufan da a da ke shanye ruwan sama an yi gini a kansu. Fadama wurin noman rani ce da kiwo da ajiyar ruwa, kuma ya kamata a rubuta hakan a doka kafin farashinta ya kai inda ba mai iya hana sayar da ita.

Tasha, kasuwa da iyaka

Jirgin kaya ba ya cin riba sai da kaya mai yawa da ke tafiya nesa a kai a kai. Kayan kuwa suna nan. Kasuwar Dawanau, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, tana loda riɗi da zoɓo da wake da citta da gero. Maigatari da Jibiya da Mai'aduwa suna karɓar dabbobi daga Nijar. Siminti da takin zamani da man fetur suna hawa arewa. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Zawaciki a 2023, ta Funtua a 2024, don ɗan kasuwa ya gama da kwastan a kusa da gida maimakon ya je Legas.

Sai dai tsakanin ɗakin ajiya da tarago akwai tazara, kuma a wannan tazara ake cin riba ko a yi asara. In ɗan kasuwa zai ɗauki tirela daga Dawanau zuwa tasha, ya biya 'yan dako su sauke, su sake lodawa, sannan a can ma a maimaita, zai gwammace tirelar ta wuce da kayan kai tsaye. Don haka filin da ke manne da tashar kaya ya fi kowane fili daraja a tsarin, kuma bai kamata a yanka shi gidajen kwana ba. Wurin rumbuna ne da ma'auni da masana'antar gyaran riɗi da matsar mai, da kara da mayanka da ɗakin sanyi, da filin da manyan motoci za su tsaya. A tuna kuma cewa tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435, taragon wannan ba ya hawa wancan. An gama Legas zuwa Ibadan a 2021, an fara Kaduna zuwa Kano a shekarar, amma sai an haɗe tsakiya kafin kwantena ta tashi daga bakin teku ta sauka Maraɗi ba tare da an sauya mata abin hawa ba.

Nijar ta ɗanɗana abin da guntun layi ke jawowa. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, da niyyar a haɗa shi da layin Kwatano zuwa Paraku. Ba a haɗa ba, kuma layin bai yi jigilar da aka gina shi dominta ba.

Sannan ga iyaka. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina ne da suka koma can bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Aure da zumunci da ciniki ba su taɓa yankewa ba. Amma an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024 bayan juyin mulkin Yamai, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Mai kuɗi ba zai gina rumbu ko masana'anta a Jibiya ko Ɗan Isa ba in yana tsoron gobe da safe za a sa kwaɗo a ƙofa. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai. Aikin da ya dace da ita ke nan: yarjejeniyar da za ta kare zirga-zirgar kaya a wannan layi ko da 'yan siyasa sun saɓa, da wurin bincike guda inda jami'an ɓangarorin biyu za su duba kaya sau ɗaya. Tsaro ma yana cikin lissafi. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da zirga-zirga wata takwas. Layin da ya ratsa garuruwan da ke cin moriyarsa ya fi samun masu sa masa ido fiye da wanda mutanen gefensa ke ganin ya ƙwace musu gona ya wuce.

Tun ran gini, ran zane

Abin da ake buƙata ba ya buƙatar fasahar da ba mu da ita. Na farko, kowace jiha da layin ya ratsa, wato Kano da Jigawa da Katsina, tare da jihar Maraɗi, ta fitar da taswirar kewayen kowace tasha tun jirgi bai fara tafiya ba: ga titi, ga kasuwa, ga makaranta, ga magudanar ruwa, ga fadama da burtalin da ba a taɓawa. Ba sai an gina komai yanzu ba. A kafa turaku a dasa itatuwa a kan iyakokin manyan tituna, ko da za a shekara 20 ana noma a wurin, ya wadatar. Wannan dogo na gwamnatin tarayya ne, amma fili a hannun gwamna yake, don haka ba wanda zai yi wannan aiki in jihohi ba su yi ba.

Na biyu, a sa mai gona cikin ribar. A birnin Ahmadabad na Indiya an gina titin zobe mai kilomita 76 a farkon shekarun 2000 ta wata hanya mai sauƙin fahimta. An haɗa gonakin yanki wuri ɗaya a takarda, aka cire kason titi da makarantu da wanda hukuma za ta sayar ta biya kuɗin aiki, sannan aka mayar wa kowane mai gona sama da rabin filinsa a matsayin fuloti mai hanya. Filin ya ragu, amma darajarsa ta ninka, kuma mai shi bai bar yankinsa ba. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga mutanen da suka saba rabon gado da musayar gona a gaban dagaci da shaidu. Abin da zai sa ya yi aiki shi ne a rubuta kason kowa a fili, a manna a ƙofar fadar hakimi, kuma a shigar da sunan mata da magada da masu jingina.

Na uku, a buɗe taswira ga jama'a. Cinikin asiri yana rayuwa ne a kan cewa mutum goma sun san inda tasha za ta zauna, mutum dubu goma ba su sani ba. Ranar da aka karanta sanarwa a rediyo da Hausa da Fulatanci, aka kai zane kowace gunduma, manomi zai san abin da ke hannunsa kafin dillali ya yi masa sallama.

A ƙidayar 2006 jihar Kano tana da mutum miliyan 9.4, Katsina miliyan 5.8. A ƙidayar Nijar ta 2012 jihar Maraɗi tana da miliyan 3.4, kuma yankin na cikin inda jama'a suka fi saurin ƙaruwa a duniya. Yaran da ake haifa yau a Kazaure da Mashi da Madarumfa za su nemi wurin zama da sana'a, kuma da yawansu bakin wannan layi za su nufa, ko an shirya musu ko ba a shirya ba. Lokacin da tsari ke da arha gajere ne: daga ranar da aka sa hannu a kwangila zuwa ranar da aka kafa tubalin farko a gefen tasha. Duk wanda garinsu ke kan wannan hanya yana da haƙƙin ya je wurin shugaban ƙaramar hukumarsa da ɗan majalisarsa na jiha ya nemi a nuna masa taswirar filayen da ke kewaye da tashar garinsu. In aka ce babu, to ya nemi a faɗa masa wanda aka ɗora wa zana ta, da ranar da za a kawo ta gaban jama'a.